Abin da ya kai masara da shinkafa cikin giyar Amurka

A ƙarni na 19 Jamusawa sun yi ta ƙaura zuwa Amurka, suka zauna a birane irin su Milwaukee da St. Louis, da sana'arsu ta dafa giya. A Bavariya, inda wasunsu suka fito, akwai doka tun 1516 da ta ce ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci da ake kira hof kaɗai za a zuba. Sai suka tarar sha'irin Amurka daban yake. Furotin ya yi masa yawa, giyar ta riƙa fitowa da gurɓi da kauri, kuma ba ta jure ajiya.

Masara da shinkafa ne suka raba wannan gardama. Sitaci ne mafi yawan abin da ke cikinsu, don haka idan aka gauraya su da sha'ir sai su tsinka shi, ruwan ya fito garau. Budweiser, wadda aka fara sayarwa a 1876, da shinkafa ake yin ta har yau. Masu cewa rage tsada ne kawai ya kawo wannan dabara, a ganina sun tsallake farkon labarin.

Aikin duk yana wurin tsiro. Idan aka jiƙa sha'ir ya fara tsirowa, aka shanya, yakan samu sinadarin da ke mayar da sitaci sukari, kamar yadda tsiro ke zaƙaƙa kunun zaƙi. Na Amurka yana da wannan sinadari har ya yi rara, ya ishe shi ya ishi baƙin hatsi. Sai dai sitacin masara da shinkafa ba ya sakin jiki a ɗumin da tsiro ke so, wajen digiri 65. Dole a dafa su daban har su yi lugub, a juye cikin jiƙon tsiron, a tace, a tafasa da furen nan. Daga nan yis ya cinye sukarin cikin sanyi, makonni ana jira.

An haramta barasa a Amurka daga 1920 zuwa 1933, amma haɗa giya a gida bai halatta ba sai da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan doka a 1978. Masu yi a gida sukan ce wannan giya ta masara ko shinkafa, wadda ake kira mara nauyi, ta fi kowace wuya, domin ba ta da launi ko ɗacin da zai rufe kuskure. Ɗan tsami kaɗan harshe zai kama shi. Kada kuma sunan ya ruɗi kowa: rashin nauyin na ɗanɗano ne da kaurin ruwa, barasar da ke ciki takan kai wajen kashi 4 cikin 100, tana kuma bugarwa.

Najeriya ma ta bi irin wannan hanya. Da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoni sun koma kan dawa da masara, har da masu yin lemon malt mara barasa. Dawar da manomin arewa ke kaiwa kasuwa, wani kaso nata can yake ƙarewa.