Yadda Ƙyanda Take Kama Mutum

An gina jikin mutum da ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa. Kowace tana da fatarta, kamar ɗaki ne mai ƙofa a kulle. Abin da ke kawo ƙyanda kuwa wani ɗan ƙanƙanen abu ne, sunansa bairus. Ido ba ya ganinsa, kuma ba ya iya hayayyafa sai a cikin ƙwayar halitta mai rai.

Idan mai ƙyanda ya yi tari ko atishawa, bairus yakan bi iska, wani yaro ya shaƙe shi har huhu. A jikin bairus akwai 'yan ƙayoyi masu aiki kamar mabuɗi. In ƙayar ta dace da ƙofar wata ƙwayar halitta, sai ya manne mata. Daga nan fatarsa ta haɗe da tata, abin da ke cikinsa ya zube ciki. To, ɓarawo ya shiga ɗaki ke nan. Sai ya sa ƙwayar ta dinga ƙera masa 'yan'uwa, su kuma su kama na kusa.

Mabuɗin nan ba kowace ƙofa yake buɗewa ba, shi ya sa akuya da kaza ba sa yin ƙyanda.

A shekarar 1963 aka fara allurar rigakafin ƙyanda a Amurka. Allurar tana koya wa jiki yin masu tsaro, waɗanda ke toshe ƙayoyin, mabuɗi ya kasa shiga. Saboda haka uwar da ta kai ɗanta rigakafi ta tsare masa ƙofa tun ɓarawo bai zo ba.