Furotin ɗin LTP: masu dakon maiƙo da ke tsare dawa da auduga

LTP wasu ƙananan furotin ne da tsirrai ke ƙerawa a jikinsu, aikinsu ɗaukar maiƙo da kaki daga wuri zuwa wuri. Masanin Faransa Jean-Claude Kader ne ya fara bayyana su a 1975, bayan ya tace su daga dankalin Turawa. Kowane ɗaya sarƙa ce ta amino asid 70 zuwa 95 ko kusa da haka, wadda ke naɗewa ta bar rami a tsakiya inda maiƙon ke shiga. Amino asid takwas masu ɗauke da farar wuta ne ke ɗaure naɗin da ƙulli huɗu, shi ya sa zafi ba ya saurin lalata shi.

Manomin Tsiga ya san sakamakon aikinsu ko da bai san sunansu ba. Farin garin nan da ke maƙale wa hannu idan an shafa karan dawa kaki ne, kuma ganyen masara da na auduga duk suna da siririyar fata ta kaki. A cikin ƙwayoyin fatar ganye ake haɗa wannan kaki, amma sai ya ratsa bangon ƙwayar mai danshi kafin ya kai waje, alhali maiƙo ba ya shiri da ruwa. Bincike ya nuna wasu LTP na taimakawa wajen wannan fitarwa. Fatar tana rage tsotsewar ruwa idan damina ta yi tsaiko, tana kuma tare fumfuna da bakteriya tun daga bakin ƙofa.

Ba ƙwayar gado ɗaya ce ke samar da su ba, dangi ne guda. Wani nazari na 2008 ya ƙirga 52 a shinkafa, 156 a alkama, da 49 a Arabidopsis, ɗan ƙaramin tsiron da masana ke gwaji da shi. A 2014 aka ƙirga 63 a masara. Yawan ya samo asali ne daga ninkuwar ƙwayoyin gado a tsawon zamani, kowane kwafi ya kama nasa aikin: wani a saiwa, wani a fure, wani a ƙwayar iri. Akwai waɗanda ke aiki sosai a zaren auduga lokacin da yake tsawo, abin da ya shafi duk mai kai auduga kasuwar Funtuwa.

Tsaron bai tsaya ga kaki ba. Tun 1993 masana a Sifen suka nuna LTP daga ganyen sha'ir da masara na hana wasu ƙwayoyin cuta girma a ɗakin gwaji, kuma ana ganin suna yin haka ne ta huda fatar ƙwayar cutar. Don haka aka sa su a rukuni na 14 na furotin ɗin da tsiro ke ƙara yawansu idan cuta ta kama shi. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne wani LTP mai suna DIR1, wanda aka gano a Arabidopsis a 2002. Idan cuta ta taɓa ganye ɗaya, tsiro kan aika saƙo ga sauran ganyen su shirya. Tsiron da ya rasa DIR1 yana kare ganyen da aka taɓa, amma saƙon ba ya isa nesa.

Wannan ilimi ya fi amfani ga masu tace iri, irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda ke fitar da irin dawa na SAMSORG, irin masara na SAMMAZ da irin auduga na SAMCOT. Sai dai juriya ga burtuntuna ko cutar ƙunar ganyen auduga ba ta rataya a kan dangi ɗaya ba, kuma abin da ya yi aiki a kwanon gwaji sai an tabbatar da shi a gona. Taurin LTP ma yana da nasa gefen: tunda dafuwa da narkewar ciki ba sa saurin rusa su, na masara da na gyaɗa suna cikin abubuwan da ke tayar wa wasu mutane borin jini.