Saƙon da ake buɗewa da wanda ake sharewa

A shekarar 2012 aka yanke Sagnarigu daga cikin Tamale, a ƙasar Gana, ta zama gunduma mai zaman kanta, kuma ƙidayar 2021 ta tarar da mutanenta sun haura dubu 340. Wanda ya bi ta unguwannin Choggu, Kalpohin, Gurugu ko Kanvili ba ya buƙatar a karanta masa alƙaluma. Sababbin gidaje sun cinye gonaki, kowane lungu kuma da telansa, da mai kitso, da mai aski, da bakaniken babur, da mai gyaran waya. Masu sana'a sun yi yawa, abokin ciniki yana da zaɓi, don haka kowa ya koma neman mutanensa ta waya. A nan ake tafka kuskure.

Saƙo iri biyu ne ke fita daga shago. Na farko talla ce da aka rubuta sau ɗaya aka watsa wa duk lambar da ke cikin waya: "Garaɓasa! An rage kuɗin ɗinki saboda Sallah." Na biyu mutum ɗaya aka nufa da shi, kan abin da ya shafe shi: "Hajiya, barka da yamma, ya gida da yara? Bara sai da Sallah ta matso kika kawo ɗinki, muka sha wahala. In kin yanki atamfar, a aiko a makon nan kafin layi ya cika." Dukansu ciniki suke nema. Amma na farko damuwar mai shago yake ɗauke da ita, na biyun kuwa damuwar Hajiya.

Dalilin da ya sa talla ke mutuwa a hanya ba ɓoyayye ba ne. Wayar mutumin Tamale ta riga ta cika da saƙonnin MTN, Telecel da AT, ga na 'yan caca, ga na masu ba da rance. Tun da MTN ta kawo MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ƙasar Gana a 2009, 'yan damfara su ma suka koyi aiko da saƙo mai albishir, wai an ci kyauta ko an turo kuɗi bisa kuskure. Jama'a sun ƙware wajen sharewa tun ba su kai ƙarshen layin farko ba. Tela mai gaskiya da ya rubuta "Garaɓasa!" ya shigar da kansa sahun waɗannan ba tare da ya sani ba.

Ita kanta na'urar ba ta goyon bayan mai watsa talla. A WhatsApp, jerin watsa saƙo ba ya ɗaukar fiye da mutum 256, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Da yawa suna turawa su zauna jiran amsa, alhali wasu mutanen ba su ma gani ba. Saƙon tes kuma haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar ka sa ƙ ko ɗ na Hausa, ko ŋ da ɣ na Dagbanci, sai ya koma 70, ka biya kuɗin saƙo biyu ko uku. Shi ya sa a nan saƙon murya ya fi dacewa. Dattijon da ba ya karatun boko zai ji muryar bakanikensa yana ce masa "Dasiba" kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi, kuma a ƙasar Dagomba ba a tsallake gaisuwa a faɗa magana.

Kada a ɗauka sa suna a kan talla ya wadatar. Akwai manhajoji da ke liƙa sunan kowa a saman saƙo ɗaya, kuma mutane sun gane su. Abin da ke raba saƙonnin shi ne sani, shi kuwa sani daga rubutu yake zuwa. Littafi na sidi kaɗan ya isa: suna, unguwa, aikin da aka yi, ranar da aka yi shi. Bakaniken da ya rubuta ranar da ya yi wa babur juyen mai ya san lokacin da zai ce, "Malam, ƙurar hunturu ta yi yawa bana, a leƙo mu duba matatar iska." Mai wanki da ke kusa da Kwalejin Bagabaga ya san lokacin da ɗalibai ke dawowa daga hutu. Mai ɗinka fugu ya san wanda ke sabunta rigarsa duk shekara kafin bikin Damba. WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, tana ba da damar yi wa kowane abokin ciniki alama, amma ba za ta tuna abin da ba ka rubuta ba.

Ba ina nufin talla ba ta da rana ba ne. In shago ya tashi daga Jisonayili ya koma Kanvili, ko za a rufe don Sallah, a sanar da kowa lokaci guda. Sau ɗaya, a taƙaice.

Sai dai sanin mutum amana ne, kuma a nan na fi jin tsoro. Mai kitson da ta san matsalar gashin wata, ko mai kemis da ya san maganin da wani ke sha, bai kamata su rubuta shi ɓaro-ɓaro ba, domin a gidaje da yawa waya ɗaya ce ke yawo tsakanin miji, mata da 'ya'ya. Namiji mai sana'a ya kiyayi tura wa matar aure saƙo da dare, ko da na ɗinki ne. Haka kuma lambar da aka gani a rasidin MoMo ba izini ba ce. Dokar kare bayanan jama'a ta Gana, mai lamba 843 ta shekarar 2012, ta hana amfani da bayanan mutum don yi masa talla kai tsaye sai da yardarsa a rubuce, ta kuma ba shi ikon cewa a daina.

Saboda haka, ya kai mai sana'a, ranar da mutum ya zo karɓar kayansa, tambaye shi ko yana son ka tuna masa in lokacin wani aikin ya yi, da murya ko da rubutu, da Hausa ko da Dagbanci. In ya ce e, ya turo maka da amincewarsa ta WhatsApp ka ajiye. In ya ce a'a, kada ka sake tura masa komai sai labarin aikin da ya ba ka.