Yaron da ke saurin farkawa daga barcin rana: me uwa za ta yi?

Daga Maraɗi har Damagaram, koken uwaye ɗaya ne. An goya yaro ya yi barci, an sauke shi a hankali, uwa ta kama wanki ko ta ɗora tukunya, ko minti 40 ba a yi ba sai ga kuka. Wasu su ce nono ne bai ishe shi ba, wasu su ce rigima ce kawai.

Galibi babu ko ɗaya. Barcin jinjiri zagaye-zagaye yake tafiya, kowane zagaye minti 40 zuwa 50. A ƙarshen zagayen barcin yana yin sauƙi, yaro ya motsa, ya buɗe ido. Idan ya tarar da abin da ya yi barci a kansa, sai ya koma. To amma wanda barci ya ɗauke a bayan uwa, cikin ɗumin jikinta da jijjiga, ya farka ya gan shi a tabarma shi kaɗai, dole ya yi cigiya.

Shi ya sa minti 10 na farko suke da muhimmanci. Kada a yi saurin sunkutar shi a fito da shi tsakar gida cikin haske da hayaniya. A ɗora masa hannu a ƙirji, a ɗan bubbuga, a yi shiru. Idan ya ƙi, a mayar da shi baya. Goyo ba ya ɓata yaro. Idan minti 20 suka wuce ido na nan tar, barcin ya ƙare, sai a matso da na gaba ko na dare kusa kaɗan. Yaron da gajiya ta yi wa yawa shi ya fi saurin farkawa, abin da uwaye da yawa ke ɗauka akasin haka.

Sai kuma zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Tahoua da Yamai, ɗakin kwano da tsakar rana tanda ne, musamman in wuta ta ɗauke fanka ta tsaya. Inuwar zaure ko rumfa mai iska ta fi. A rage masa tufafi, a kwantar da jinjiri rigingine, cikin gidan sauro. Wanda bai kai wata 6 ba a ƙara masa nono, ba ruwa ba, komai zafin gari.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce ɗan wata 4 zuwa 11 yana bukatar barcin awa 12 zuwa 16, ɗan shekara 1 zuwa 2 kuma awa 11 zuwa 14. Lissafin ya haɗa dare da rana. Yaron da ya farka da fara'a, ya ci, ya yi wasa, barcinsa ya ishe shi, ko da uwa ba ta gama aikinta ba.

Inda haɗarin yake shi ne maganin sa barci. Akwai masu sayen siro wajen masu tallar magani a kasuwa ko tasha, su ɗura wa yaro don su samu sararin aiki. Nauyin da ke kan uwar da ba ta da mai taimako gaskiya ne, amma irin su Phénergan an hana bai wa yaron da bai kai shekara 2 ba, domin suna iya danne numfashinsa yana cikin barci. Gara a miƙa shi hannun kaka ko yayarsa na rabin awa.

Idan kuwa farkawar ta zo da zafin jiki, ƙin nono, jan kunne ko kukan da ba ya lallasuwa, musamman da damina lokacin zazzaɓin cizon sauro, a kai shi CSI mafi kusa a ranar, kada a jira gobe.