Hanyar ciyawa da doka ke gadi a Ingila

A Saffron Walden, wani tsohon garin kasuwa da ke arewa da birnin Landan, akwai wata siririyar hanya da aka yanka cikin ciyawar filin gari. Tana murɗewa tana zagaya kanta har sau 17 kafin ta kai tsakiya. Wurin bai kai filin ƙwallo girma ba, amma duk wanda ya bi ta har ƙarshe sai ya taka kusan mita 1,500. Babu katanga, babu mararraba, don haka ba a ɓata. Haƙuri kawai take nema.

Tsofaffin hanyoyi irin wannan guda 8 kacal suka rage a Ingila. Da yawa garma ce ta cinye su. An nome ta Pimperne a 1730, ta Sneinton kusa da Nottingham kuwa a 1797.

Yanzu dai akwai doka. Ta Saffron Walden na cikin jerin wuraren tarihi da dokar 1979 ta kare, kuma laifi ne mutum ya haƙa ko ya sauya wani abu a wurin ba da izinin hukuma ba.

To amma a ganinmu, doka manomi da magini kawai take iya tsayarwa, ciyawa ba ta san takardar gwamnati ba. Idan aka yi 'yan shekaru ba a sake yankan gefen hanyar ba, sai ta shafe, ko da ba wanda ya taɓa ta. Mu da muka san yadda rumfa ke komawa idan mai ita ya yi damina biyu bai leƙo ba, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Littafin kuɗin garin ya nuna cewa a 1699 an biya sule 15 ladan sake yanka ta. An maimaita aikin sau da dama, har a 1911 aka shimfiɗa mata bulo don kada sawun ya ɓace.

Mutanen ƙauyen Alkborough kuwa wata dabara suka yi. A 1887 sun zana taswirar tasu hanyar a daɓen zauren cocinsu, ta yadda ko ciyawa ta rufe ta, masu gyara za su sami abin dubawa. Zanen yana jikin gilashin tagar cocin ma, har da kan dutsen wani kabari a maƙabartar ƙauyen.