Asma Ta Wurin Aiki: Tambayar Da Ake Mantawa A Asibiti

A birnin Sakkwato, idan magidanci ya fara tari da dare, numfashinsa yana fita da ƙyar, abin da akan fara zargi shi ne ƙurar hunturu. Idan tarin ya daɗe sai a ce tarin fuka ne, a tura shi gwajin majina. Ba kasafai ake tunawa da sana'ar da yake ci da ita ba, alhali kuwa binciken masana ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manyan da ke fama da asma, aikinsu yana da hannu a ciwon.

Waɗanda abin ya fi yi wa barazana su ne masu fentin mota na feshi. Ruwan da ake zubawa cikin fentin zamani domin ya taurare yana ɗauke da wani sinadari mai suna aisosayanet, wanda ke cikin manyan abubuwan da ke haddasa wannan ciwo a duniya. Bayansu akwai masu walda da kafintoci. Sakkwato kuwa ta daɗe da yin suna wajen jimar fatar jar akuya. Majeman gargajiya da bagaruwa suke aiki, amma jimar zamani da sinadarin kurom ake yin ta, shi ma yakan tayar da asma. Akwai ɗan kurom a cikin siminti, wanda aka fara yi a Kalambaina tun 1967, ko da yake a fatar hannu ya fi yi wa magina illa.

Abin da ya sa ciwon ke da wuyar ganewa shi ne ba ya bayyana nan take. Mutum yakan yi watanni ko shekaru yana aiki lafiya lau, sa'an nan jikinsa ya ƙi sinadarin. Daga ranar, ko ɗan ƙanƙane ya shaƙa sai hanyoyin numfashi su tsuke. Bugu da ƙari, sau da yawa sarƙewar ba ta zuwa sai an tashi daga aiki da awoyi, watau yana kwance a gida. Wa zai zargi gareji kan ciwon da ya taso cikin ɗaki?

Tun a 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya shawarci likitoci su riƙa tambayar majiyyaci irin sana'arsa. A yau an ƙara wata tambayar: shin kakan ji sauƙi ranakun da ba ka je aiki ba? Idan ya ce ƙirjinsa ya sake lokacin hutun Sallah, ya kuma kama da ya koma, to lalle akwai abin bincike.

Daga nan sai awo. Akan ba shi wata 'yar na'ura ta hannu da ke auna ƙarfin fitar numfashi, ya riƙa busawa aƙalla sau 4 a rana har tsawon mako 3 ko 4, yana rubuta lambar tare da nuna ranakun aiki da na hutu. Likitan ƙirji, a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, shi zai gwama lambobin da sauran gwajin huhu. Wahalar ita ce mai sana'ar hannu ba ya hutawa, kuma hutun yini guda ba ya isa huhu ya nuna bambanci. Haka kuma wanda ya riga ya bar aikin kafin awon ya ɓatar da babbar shaidarsa.

Shaidar nan tana da amfani biyu. Wanda aka gano da wuri aka raba shi da sinadarin yakan sami sauƙi sosai, wani ma ya warke. Wanda ya ci gaba da shaƙa kuwa ciwon na iya zama masa na har abada, domin ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare tururin fenti. Na biyu, Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa, kuma ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun NSITF. Sai dai yaron gareji da ba a rubuta sunansa ko'ina ba, da wuya ya kai ga wannan asusu.