Ƙa'idojin Golf Tsakanin Abokai

Ko da yake hukumar R&A da ke St Andrews da takwararta ta Amurka su ne ma'abota dokokin golf, har suka iyakance ɗan wasa ga sanduna 14, kuma tun 2019 suka rage lokacin neman ɓatacciyar ƙwallo zuwa minti 3, abokai masu gasa don nishaɗi sukan yi ittifaƙi bisa rangwamensu tun kafin bugun farko, gudun husuma. Wanda ƙwallonsa ta tsaya dab da rami, sai a ce ya ɗauka, an lasafta ta shiga; wanda kuwa ya kuskure bugun farko, a yi masa afuwa ya sake, alhali dokar asali ba ta halatta hakan ba.